Hoto Ya Ce Bai Gani Ba

Sannunku da jira, mutanena na cikin waya. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko na mutu ne. Ban mutu ba, 'yar uwa, ki mayar da baƙar rigar makokinki akwati. Yau dai na zo muku da labari, kuma sai kun gyara zama, don ni kaina da abin ya faru a kaina har yanzu ban gama yarda da kowa a cikinsa ba.

Ga sababbin shigowa: sunana Yudelka, shekarata ashirin da takwas, gyaran gashi nake yi a wani shago a nan unguwarmu ta Los Mina. E, na sani. Mai gyaran gashi, kanta kuma tas kamar bayan ƙwarya. Ku yi dariyarku, na riga ku. Wata shida da suka wuce aka gano kansa a nonona na hagu. Likitata, Dokta Peralta, ta ce ba da wuƙa za a fara ba. Kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, za a fara yi min har sau shida, ƙullutun ya motse, sannan a yi aiki. Kafin a fara sai da aka cusa min wani ɗan ƙarfe a tsakiyar ƙullutun, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ce, "Dokta, in kyauta ce ai da zinare kika sa min." Ta yi murmushi ta ci gaba da dogon bayaninta. Ni kuwa hankalina yana kan wata nas da ta rina gashinta ja, rinin ya kama rabi ya bar rabi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga kemo na huɗu na daina jin ƙullutun. Mami, wato mahaifiyata, Doña Casilda, kullum da safe sai ta shigo ɗakina ba sallama ta lallatsa ni kamar mai zaɓen fiya a kasuwa.

"Babu shi," in ji ta. "Na ce miki babu shi."

"Mami, hannunki da sanyi."

"Ki yi shiru, ina aiki ne."

To ga inda gizo yake saƙar. Ranar da aka faɗa mana ciwon, Mami ta durƙusa gaban hoton Uwa Maryamu ta Altagracia da ke saman firij, ta yi alkawari da murya har gidan maƙwabta. Ta ce in Uwar ta cire abin nan ba tare da wuƙa ta taɓa 'yarta ba, za ta kai ni garin Higüey, inda babban cocinta yake, cikin fararen kaya, mu ajiye mata ɗan nonon azurfa a gabanta. Kun san alkawari irin wannan ba a wasa da shi. Gara ki ci amanar ɗan sanda.

Sai kuma Wilkin. Ɗan acaɓa ne, dogo, baƙi, mai wushirya, shekara biyu yana bina. Duk kemo shidan nan shi ya kai ni, shi ya riƙe min leda ina amai, bai taɓa yamutsa fuska ba. Mami ta gama ɗaura mana aure a zuciyarta tuntuni.

"Ki aure shi tun kina da abin nunawa," in ji ta tana yanka albasa.

"Mami, ni kaza ce?"

"Kaza ma ta fi ki hankali, ta san wanda ke watsa mata hatsi."

Ni kuma na ce ba zan auri kowa ba sai na bambance so da tausayi. Namiji mai tausayinki yana da kyau a asibiti. A gida fa?

An sa min ranar aiki Alhamis. Mako guda kafin nan aka shigar da ni injin hoton nan mai ƙara kamar ana gini a kunnenki, don a ga abin da kemo ya yi. Aka ce a zo Litinin a karɓi sakamako. Kuma kun san yadda muke yi: mara lafiya ba ya karɓar takardarsa. Wani ne zai je, ya buɗe a hanya, dangi su zauna su tace abin da za a faɗa maka. Kakata ta rasu tana shan maganin gyambon ciki, alhali har kyanwar gidan ta san ba shi ba ne. Ni na tsaya a gefen gadonta ina ce mata, "Kaka, kin fara kyau." Saboda haka na san wasan, na taɓa buga shi.

Litinin da rana Wilkin ya dawo. Babu takarda. Sai ledar lemo.

"Ina sakamakona?"

"Ba su gama ba, sarauniya. Wai injin buga takarda ya lalace."

"Na asibitin gaba ɗaya?"

"Haka suka ce."

Ya kai hannu ya sosa kunnensa na hagu. Jama'a, Wilkin bai iya ƙarya ba. In zai yi ta, sai kunnen nan ya yi masa ƙaiƙayi. Ranar da ya ce min bai san wata Dahiana ba, saura kaɗan ya cire kunnen.

Na ɓare lemo na sha ina kallonsa.

Talata ya zo tun ƙarfe goma, lokacin da ya kamata a ce yana kan titi. Ya kawo min ɗankwali ruwan ɗorawa mai ɗigon fari, irin wanda na taɓa nuna masa a kasuwa ya ce ya yi kama da labulen mota. Ya gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga. Ya wanke wa Mami kwanuka. Namijin da ko kofin da ya sha ruwa ba ya kaiwa kicin. Na zauna a kujerar roba sanye da doguwar rigata mai furanni, na ɗaura sabon ɗankwalin, na zana gira da fensir tunda tawa ta yi ƙaura, ina cewa a raina: Yudelka, an gama da ke. Irin hidimar da muka yi wa Kaka ce wannan.

Wayarsa kuma a kife take a kan tebur. Da ma ba ya kife ta.

Mami ta zuba masa shinkafa da wake da kaza, ya shiga wanke hannu. Wayar ta yi motsi. Kada wadda ta ce min wai bai dace ba. Ke da kike karanta wannan, wayar mijinki kika duba jiya. Na juya ta. Sunan da ya fito "Likita P." ne, ga saƙon:

"Takardar tata ce, ba taka ba. Ka ba ta yau, ku zo tare da ƙarfe uku. Ni zan yi mata bayani da kaina."

Na mayar da wayar yadda take, na zare mukullin babur daga aljihun jakitinsa, na ce wa Mami zan sha iska. Na san inda yake ɓoye komai: ƙarƙashin kujerar babur, tare da rigar ruwa da tsumman goge mai. Tana nan kuwa. Farar ambulan, sunana a jiki, an yage bakinta.

Na tsaya a inuwar shagon Don Chepe, mai sayar da kayan masarufi a ƙofar gidanmu, inda tsofaffin unguwa ke buga wasan domino tun safe. Na buɗe. Rabin kalmomin ban san su ba, amma layin ƙarshe ko ɗan firamare zai gane. Ba a ga alamar ƙari ba. Ɗan ƙarfen alama yana nan a wurinsa.

Na karanta sau uku. Ba a ga komai ba.

Kuna tsammanin tsalle na yi? Da farko dai numfashi na saki wanda na riƙe wata shida. Sai kuma wani tunani ya shigo, baƙi ƙirin. Mutum yakan ɓoye mugun labari, wannan na sani. Amma wa ke ɓoye labari mai daɗi? Me Wilkin zai samu in aka yanka ni ba gaira ba dalili? Ko so yake a rage ni, kada wani ya kalle ni, in zama tasa dole? Ko kuwa hanyar gudu yake nema, a ce ai ya yi ƙoƙari? Ko shi da likitar nan akwai wata a ƙasa? Har lambarta gare shi. Ni ban da ita.

Ya fito yana goge baki, ya ga ambulan a hannuna, ya tsaya cak.

"Injin ya gyaru ke nan," na ce.

"Yudelka, mu shiga ciki."

"A nan za mu yi ta. Kai waye da za ka zauna a kan takardata kwana biyu, kana yawo da ita a gari kamar fasinja?"

"Ki rage murya, don Allah."

"An ce na warke, ka ɓoye. Yanka ni kake so a yi?"

"Ba a ce kin warke ba."

"Kai ne likitan yanzu? Yaushe aka fara ba da digiri a tashar acaɓa?"

Masu domino sun daina bugawa. Don Chepe ya rage sautin rediyo, wai shi yana goge kanta.

Wilkin ya sa hannu a aljihun baya ya ciro wani ɗan littafi da ya lanƙwashe saboda zama. Ya buɗe shafin farko. Rubutunsa ne, kamar tafiyar kaza, da kwanan watan ranar da aka sa min ƙarfen.

"Ranar nan likita ta yi bayani," in ji shi. "Ke kina can kina tsokanar nas a kan gashinta. Ni na rubuta. Ga shi. Ta ce ko ƙullutun ya ɓace a hoto, sai an yi aikin. Don haka ma aka sa ƙarfen, don a san inda za a yanka in ba a ga komai ba."

"To me ya sa ba ka ba ni ba?"

Ya kalli ƙofar gidanmu, ya rage murya. "Saboda Doña Casilda. Na ji alkawarin da ta yi. In ta ga takardar nan, ba za ki kwanta a gadon asibiti ranar Alhamis ba. Na ce in riƙe ta zuwa Juma'a, ki zage ni bayan an gama."

"Ka ce ni ba ni da hankalin kaina ke nan."

"Kina da shi. Amma ban taɓa ganin kin ce wa mamarki a'a kin tsaya a kai ba."

Wannan ta shige ni, amma ban nuna ba. Na dubi kunnensa. Bai taɓa shi ba. Duk da haka na ce, "Tayar da babur. Daga bakinta zan ji."

Dokta Peralta mace ce gajera, gilashi a goshi, ba ta da lokacin wasa amma tana haƙuri da nawa. Tana ganinmu ta fara da shi.

"Kai, malam, na gode da kulawa, amma kar ka sake. Jeka waje ka jira."

Ya fita kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

"Dokta, ki faɗa min gaskiya. Ba irin gaskiyar da aka faɗa wa kakata ba. Na warke ko ban warke ba?"

"Ban sani ba."

"Ke fa likita ce."

"Shi ya sa na ce ban sani ba. Labarin nan mai kyau ne, Yudelka, maganin ya yi aiki. Amma hoto yana ganin abin da ya kai a gani ne kawai. Ya ce bai gani ba, bai ce babu ba. Akwai matan da hotonsu ke fitowa tas, a yanka a duba, a tarar babu ko ɗaya. Akwai kuma waɗanda ake tarar da ragowa, 'yan mitsi-mitsi, sun watsu a wurin. Daga waje ba na iya bambance ku."

"To a sake tsikara min allura mana, kamar farko."

"Allura tana ɗauko inda ta faɗa ne. Tana iya faɗawa gefen ragowar ta dawo ta ce lafiya lau."

Ta ce ba duka za a cire ba, naman da ke kewaye da ƙarfen ne, da ɗan abin da za a duba a hammata. A kai ɗakin gwaji, su yanyanka su duba, kamar mako biyu. Ta ce abin da suka gani shi zai nuna maganin da zan ci gaba da shi, kuma wani lokaci ragowar takan fito da hali dabam da wanda gwajin farko ya nuna, sai a canja magani.

"Kenan za a iya yanka ni a tarar babu komai."

"Shi nake miki fata."

"In yi tabo a banza."

"Ki yi tabo ki sani. Daga sha biyun daren Laraba kar ki ci komai, ko lomar burodi. In kin ci, an fasa aiki."

Na fito ina lissafin yadda zan lallaɓa Mami a hankali. Na manta a Los Mina nake. Kafin babur ya shigo layinmu mun jiyo kiɗa. Don Chepe ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa Mami, da ƙari. An fito da kujeru waje, an ɗora babbar tukunya, ƙannen Mami sun iso da 'ya'yansu, saƙonni na ta shigowa rukunin dangi a waya: "Mu'ujiza a gidan Casilda." Wata da ke New York har ta turo muryarta tana kuka.

Mami ta rungume ni har ɗankwalina ya zame. Ta buɗe tafin hannunta. Ɗan nonon azurfa, girman murfin kwalba. Ashe tun kemo na huɗu ta saya ta ɓoye a cikin gwangwanin kofi.

"Alhamis da safe motar Higüey za ta tashi," in ji ta. "Na kama mana kujera."

"Mami, Alhamis ne aikina."

"Wane aiki? Me za su cire? Iska?"

Na yi mata bayanin hoto, na yi na ƙarfe, na yi na allura. Ta saurare ni tana juya miya.

"Na ce wa Uwa Maryamu ba tare da wuƙa ba, ta kuma amsa. In kika kwanta aka yanka ki, kin ce mata ba ki yarda da aikinta ba. Kin mayar da ni maƙaryaciya a gabanta. In abin ya dawo kuma, wa zan roƙa?" Ta nuna Wilkin da ludayi. "Kai kuma da na ɗauke ka ɗa, ka zauna a kan mu'ujizar 'yata da ɗuwawunka. Kar in sake ganin babur ɗinka a ƙofata."

Dubi ikon Allah. Surukin da ake min tallansa shekara biyu, rana ɗaya ya zama ɓarawon mu'ujiza.

Laraba ba mu yi magana ba. Ta goge farar riga mai leshi a wuya ta shimfiɗa a gadona. Ni na haɗa jakar asibiti na tura ƙarƙashin gadon. Wilkin ya turo saƙo ɗaya: "Ƙarfe shida ina bakin shagon Don Chepe. In kin fito, to. In ba ki fito ba, ina nan dai." Na rubuta, "Maƙaryaci." Ya turo min hoton kunnensa.

Alhamis da sassafe na fito falo. Mami ta riga ta shirya, fari tas daga sama har ƙasa, carbinta a wuya. A kan tebur ta ajiye min mangu, dakakkiyar agada tana tururi, da albasa a sama, da soyayyen cuku, da ƙwai biyu. Abincin da na fi so a duniya, wanda wata shida kemo ya hana ni jin ɗanɗanonsa. Ta kuma san abin da likita ta ce, don da bakina na faɗa mata.

"Ci, 'yata. Hanya da nisa."

Ta ɗebo da cokali ta miƙo min, kamar ina 'yar shekara uku. Na kalli fuskarta. A nan na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro ne. Wuƙa ce ta shiga da kakata ɗakin aiki, ba ta dawo da ita yadda take ba.

Na riƙe hannun na sauke cokalin a faranti.

"Mami, in da gaske ta cire shi, ai ba za ta ji haushi don an duba aikinta ba. Ke ma in na wanke kwano sai kin shafa kin ji."

Ba ta yi dariya ba. Na ɗauko jakata, na ce ta sa min albarka. Tun da aka haife ni ban taɓa fita gidan nan ba tare da ta ce "Allah ya yi miki albarka" ba. Ranar ta juya min baya tana kallon firij.

Na fita, na hau babur, na ce wa Wilkin, "Kar ka yi magana." Bai yi ba.

Yau kwana goma sha biyu da aikin. Nonona yana nan, ya ɗan lotsa a gefe kamar gwangwanin da ya faɗi, amma nawa ne. Mami ta tafi Higüey ita kaɗai ranar, ta dawo da yamma ta wuce asibiti cikin fararen kayanta, ta zauna a gefen gadona. Shekaranjiya ina neman almakashi a jakarta sai na ci karo da nonon azurfar, a naɗe cikin hankici.

"Mami, ba ki ajiye mata ba?"

"Mun yi magana da ita," in ji ta, ba ta ɗago daga tsintar wake ba. "Na ce ta jira takarda."

Ɗazu aka kira daga asibiti, sakamakon ɗakin gwaji ya fito, a zo gobe da safe. Mami ta ce ita za ta je ta karɓo, wai in huta. Wilkin, wanda yanzu aka yarda ya tsaya a bakin ƙofa amma ban da kujera, ya ce ai hanyarsa ce. Sai na ga sun kalli juna. Mutum biyun da mako biyu ba sa ga maciji, yau sun kalli juna, irin kallon da muka riƙa yi a kan gadon Kaka.

Na ce musu da ƙafata zan je, da hannuna zan yage ambulan, ko me ke ciki. Na ɓoye katin asibitin a cikin rigar nonona, ɓangaren lafiyayyen, inda babu mai kai hannu sai Mami, ita ma na hana ta.

To mutanena, ku faɗa min tsakani da Allah. Da ku ne a gaban farantin nan, uwa na miƙo muku cokali, da kun ci ko da kun hau babur? Shi kuma wanda ya zauna a kan takardata don yana ganin ya fi ni sanin abin da zan iya ɗauka, a ba shi kujera, ko ya ci gaba da tsayuwa?